Ƙarya Fure Take: Laccar Wani Tsohon Malamin Gona a Wani Ƙauye Kusa da Ringim

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu 3 zan faɗa a kan shuka ƙarya a tukunya: ƙasa, ruwa, sai dashe. Ƙarya nake cewa, wasu su ce ƙariya, itaciyar nan mai jan fure. Ba ta bakin dillalai ba.

Amma bari tukuna. Kun san karin maganar nan, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya? Ni dai a ganina wanda ya fara faɗinta yana tsaye ne gaban wannan itaciya. Ku dube ta da rani. Hunturu ya kakkaɓe mata ganye, ta tsaya tsirara, gindi kamar tulu, rassa gajeru masu kauri, ciyawa duk ta ƙone, sai ga fure a bakin kowane reshe, bakinsa ja, cikinsa fari-fari, kunnuwa 5. Ka yi ta jiran ɗa, shiru. Fure take! To amma ni na kama ta. Wata shekara ta ƙofar gidana ta fitar da kwanso biyu a haɗe, kamar ƙahon ɗan akuya. Da ya bushe ya tsage, iri ya fito da gashi a kai da gindi, iska ta kwashe rabi kafin in ɗauko kwano. Tun daga ranar in na ga kwanso sai in ɗaure shi da zare. Wato tana 'ya'ya, jefi-jefi ne kawai. Malam liman yana dariya, ni itace nake nufi, Allah gafarta malam.

Kuma tamu ce, ba baƙuwa ba. Tana fitowa da kanta tun daga Sanagal har Sudan, ta gangara gabashin Afirka, ta tsallaka ƙasar Larabawa. Masana tsirrai sun raɗa mata Adenium obesum a 1819. Kalmar farko daga sunan garin Adan na Yaman ce, ta biyun kuwa ma'anarta mai ƙiba. Tulun gindin nan rumbunta ne, nan take ajiyar ruwa. Yau a Tailan gonaki guda ake yi nata, ana auren reshe da reshe, ana sayarwa ƙasashen waje. Mu kuwa tana bakin masallaci, ko kallo ba ta ishe mu ba.

Ina muka tsaya? Na biyu... a'a, ƙasa ban faɗa ba. Rairayi ya fi yawa, taki busasshe kaɗan, ban da laka. Tsohuwar randar da ta tsage ta fi sabon bokiti, muddin ka huda ƙasanta. A ajiye ta inda rana ke duka sosai.

Ruwa, nan ake kashe ta, kuma ƙauna ce ke kashe ta. Na taɓa tafiya wata guda, na bar wa yara amana, safe da yamma suna kwarara mata. Na dawo na danna gindin, yatsana ya lume kamar a ruɓaɓɓiyar kabewa. Ka tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi ka bar ta. Lokacin marka, a watan Agusta, ka ja tukunyar ƙarƙashin rumfa.

Na uku, dashe. Ka yanki reshe, ka bar shi a inuwa kwana 3 ko 4 bakin ya bushe, sannan ka kafa. Sai dai ta iri ta fi yin ƙaton gindi. Na'am, Hajiya?

(Wata dattijuwa ta ce gidanta cike yake da jikoki da awaki, ta tambaya ko itaciyar tana da illa.)

Alhamdu lillahi da kika tambaya, Hajiya, da na tashi ban faɗa ba. Ruwan jikinta dafi ne, zuciya yake taɓawa. Mafarauta a sassan Afirka da shi suke shafa wa kibiya. Don haka kada a sa ta tsakar gida inda mai rarrafe zai kai hannu, kada a sa ta kusa da turke. Ki ɗora a kan katanga ko ki kewaye ta da ƙaya. In kin yanka, ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa ido, wuƙar kuma kada ta koma madafa ba a wanke ba. Wanda ya ce miki a jiƙa a sha don magani, ki ce malamin gona ya hana. Jikokin nawa ne? Goma sha ɗaya? To Hajiya, ke kam ki dasa taki a ƙofar gida daga waje.