Ƙarfe tara a Faransa, ƙarfe nawa a Garwa? Gyaran agogon jadawalin dikoda

[Hoto: gidan kallo da dare, mutane na shigowa, allo na nuna an dawo daga hutun rabin lokaci]

Assalamu alaikum jama'a. Duk shekara, da zarar ƙarshen Maris ya yi, sai rigimar nan ta dawo gidajen kallo daga Garwa har Marwa, har Njamena. An ce wasan Gasar Zakarun Turai ƙarfe tara ne, mutum ya gama sallar isha'i, ya ci tuwonsa a natse, ya iso ƙarfe tara daidai, sai ya tarar ana shirin shiga zagaye na biyu. Wani ya ce dikoda ce ta lalace, wani ya ce mai gidan kallo ne bai iya ba. Ku ɗauko telekomand mu duba.

[Hoto: yatsa na danna maɓallin EPG, jadawali ya buɗe]

Wannan shi ne jadawalin shirye-shirye. A wasu telekomand an rubuta EPG, a wasu Guide. Tashoshi a jere daga sama zuwa ƙasa, lokaci kuma yana tafiya daga hagu zuwa dama, yawanci rabin awa rabin awa. Sama da ƙasa na sauya tasha, hagu da dama na sauya lokaci, OK ya kai ka, INFO ya ba ka bayani. Faɗin kowane akwati gwargwadon tsawon shirin ne, shi ya sa fim ke baje kolinsa, labaran minti biyar kuwa sunansu ma ba ya shiga. Maɓallan nan masu launi, ja, kore, rawaya, shuɗi, suna tsallaka ka zuwa gobe ko su dawo da kai, amma kowane kamfani da nasa tsari, sai ka karanta ƙasan allo. Wannan duk yaran gida sun iya.

Ga inda manya ke faɗuwa.

[Hoto: allo a rabe biyu, hagu tallar wasa ɗauke da 21H00, dama jadawali ɗauke da 20:00]

Lokaci iri biyu ne ke fitowa a allon nan, kuma ba daga wuri ɗaya suke zuwa ba. Na hagu, wanda tasha ta rubuta a cikin tallarta, yana cikin hoton ne kamar fenti a bango. Dikoda ba ta san da shi ba, ba ta iya taɓa shi. Mutumin Faris da mutumin Ngaundere abu ɗaya suke gani.

Na dama kuwa lissafi ne. Tasha tana turo bayanan shirye-shiryenta tare da hoto ta tauraron ɗan'adam, kuma a tsarin DVB da dikodojinmu ke aiki da shi, ana turo lokacin fara kowane shiri ne da agogon GMT. Dikodar da ke ɗakinka ita ce ke ƙara awannin ƙasarka a kai kafin ta rubuta maka. Kamaru da Chadi, har Najeriya da Nijar, duk awa ɗaya muke gaban GMT, rani da damina, ba ma matsar da agogo.

Turawa kuwa suna matsarwa. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Faransa tana awa biyu gaban GMT. Sauran watanni awa ɗaya, daidai da mu. Abin da ke ruɗar mutane ke nan: kusan wata biyar ana kallon 21H00 a tashar Faransa ana zuwa ƙarfe tara ana samun wasa, har ido ya saba. Afrilu na shigowa, 21H00 ɗin nan ya koma ƙarfe takwas namu. Wanda ya zo tara ya yi asarar minti 45 na wasa da 15 na hutu, cif.

[Hoto: taswira, agogo huɗu]

Ingila tata daban ce. Wasan ƙarfe uku na ranar Asabar, a Disamba ƙarfe huɗu ne a wajenmu, a Agusta kuwa ƙarfe uku ne. Masu parabol da ke fuskantar tauraron Nilesat ko na Arabsat, tashoshin Larabawa sukan sanar da lokacin Makka, wanda ke awa biyu gabanmu duk shekara: ka cire biyu. In ka ga an rubuta GMT a talla, ka ƙara ɗaya.

Amma wannan ƙari da ragi na rubutun cikin hoto ne kawai. Lokacin jadawali kada ka ƙara masa komai, dikoda ta riga ta ƙara. Akwai masu ganin 20:00 a jadawali su ce ai GMT ne, su ɗora awa ɗaya da kansu. Sun ƙara sau biyu ke nan, kuma su ma ƙarfe tara za su iso.

Sharaɗin dai shi ne dikodar ta san ƙasar da take.

[Hoto: waya kusa da talabijin, ana kwatanta agogo]

Gwajin ba ya cin minti ɗaya. Buɗe jadawali, dubi agogon da ke kusurwa, dubi na wayarka. Waya na cewa 19:00, dikoda 18:00? An bar ta a kan sifili, wato agogon GMT. Dikoda na cewa 20:00? Ko an sa ta a kan +2, ko lokacin bazarar Turai a kunne yake.

Shiga Menu, ka nemi saitin lokaci. In da Faransanci take, za ka ga Fuseau horaire: zaɓi GMT+1. A ƙasansa akwai Heure d'été, wato lokacin bazarar Turai mai ƙara awa ɗaya: kashe shi. In sunayen birane ta jero maka, kada ka zaɓi Faris don ka ga +1 a gefensa, wasu dikodojin za su tsallake da kansu a Maris. Nemi Legas. Ni dai a ganina laifin masu ƙera ƙananan dikodojin nan ne: saitin da jadawali gaba ɗaya ya dogara a kansa, sun binne shi can ƙarƙashin menu uku, saitin launin allo kuwa yana gaba-gaba.

Kada kuma a gyara agogon da hannu a bar yankin lokacin a karkace. A wasu dikodojin agogon kusurwa zai yi daidai, lokutan shirye-shirye su ci gaba da zamewa da awa ɗaya, tunatarwa da naɗin shiri su bi su.

[Hoto: wuta ta ɗauke, ta dawo, jadawali babu komai]

Sauran matsalolin a gurguje. Wuta ta dawo, jadawali fayau, agogo na nuna wata shekara ta daban: yawancin ƙananan dikodoji ba su da batirin riƙe agogo, daga sigina suke karɓa. Tsaya a kan babbar tasha na ɗan lokaci, zai dawo. Wata tasha na nuna shirin yanzu da mai bi masa kawai, wata na nuna na mako guda, wata ba komai: abin da kowace ta turo ke nan, ko ka juya parabol har gobe ba zai ƙaru ba. Wasu layukan kuma ba sa cika sai ka leƙa tashar tukuna, saboda dikodar tana karanta bayanan mitar da take kai ne.

Masu naɗar wasa a filashin USB, jadawali ya san lokacin da aka tsara ne, bai san za a yi kunnen doki ba. Wasan kofi yana iya ɗaukar ƙarin minti 30, ga bugun fenariti a bayansa. Ku ƙara aƙalla minti 45 a lokacin tsayawa kafin ku danna OK.