Raken Makarfi a Tankin Mota

Auta: Tun makon jiya saƙonni ke shigowa, tambaya ɗaya: tunda ana yin itanol da rake, me ya hana a tuttula shi cikin fetur? Injiniya, bismillah.

Injiniya: Ruwa da zafi, Auta. Ki zuba fetur mai itanol a kwalba, ki ɗiga ruwa kaɗan, ki girgiza, ki ajiye. Za ki ga ya rabu gida biyu, itanol ya bi ruwan ya kwanta a ƙasa. Haka zai yi a tankin gidan mai idan ruwan damina ya shiga. Ga kuma zafi. Itanol in yana shi kaɗai, ƙwayoyinsa riƙe suke da juna, sai digiri 78 yake tafasa. Da ya shiga fetur sai riƙon ya saki, tururi ya ƙaru. Ki tuna ranar Afrilu a Kaduna.

Baffa: To mafita?

Injiniya: ETBE, Baffa. A haɗa itanol da isobutilin, iskar da ke fitowa yayin fasa mai a matata. Haɗin, wato ETBE, a digiri 73 yake tafasa, ba ya kwaɗayin ruwa, ba ya ta da tururi, oktan ɗinsa, wato ma'aunin ingancin ƙonewar mai a inji, ya haura 110. Faransa da Japan da shi suke aiki. Abin da ke burge ni, haɗin da kansa yake fitar da zafi, dole a riƙa sanyaya tukunyar. Zafi ya yi yawa, sai itanol da isobutilin su fara rabuwa.

Baffa: Amma kada a taɓa min raken Makarfi. Da me za a yi mazarƙwaila?

Auta: Baffa, ga rogo, a yi itanol ɗin da shi!

Baffa: Rogo na garin kwaki ne, 'yata. Kin taɓa zuwa inda ake matsar rake da hunturu? Doki na juya injin, ruwan na ɓararraka a kasko, ƙamshi har bakin titi.

Auta: Da gyaɗa soyayya.

Baffa: Da gyaɗa! Ko a kunu.

Injiniya: A ƙara gonakin mana, kowa ya samu. Matatarmu ta Kaduna da ke hanyar Kachia an buɗe ta a 1980, an gina ta don tace ganga 100,000 a rana. Rake na arewa da mu, matata na kudu. Wannan yana cina a rai, wallahi.

Auta: Lokaci ya ƙure. Ɗan'uwan ETBE, wato MTBE, fa?

Injiniya: Da metanol ake yin sa. Kalifoniya ta hana shi a 2004, ya gurɓata ruwan rijiyoyi.

Auta: Sai mako mai zuwa. Baffa, ka zo mana da mazarƙwailar.