Tambayar da Hajiya ta yi mini a kan Kantabari

Salama gare ku 'yan'uwa, barkanku da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, injin niƙa ne a bayan gidanmu. Kaka ta yi, sabon gero ya shigo gari, tun asuba ba ya hutawa. Bari in ja kujera gindin bedin nan, ko dogon-yaro kamar yadda muke cewa a gida. Yauwa.

Ga waɗanda yau suka fara ganina, ni 'yar Wusasa ce ta Zariya, aure ya kawo ni Maraɗi shekara tara ke nan, kuma aikin jinya nake yi a wani ƙaramin asibiti, wanda mutanen nan ke kira likita. Akwai unguwa a garin nan sunanta Zariya, shi ya sa idan Mama ta kira tana cewa yaushe za ki leƙo Zariya, sai in ce ai jiya ma na ratsa ta a kan kabu-kabu. Ba ta taɓa yin dariya ba.

Abin da ya sa na kunna wayar nan yau, maƙwabciyata ce Hajiya. Kwanan baya ta shigo da waya a hannu, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Madam, mi nike ji? An ce mace ta zama babbar limamiyarku ta duniya duka, kuma ku 'yan Najeriya kun ce ba ku yarda ba. To ke ina kika tsaya?" Na ce Hajiya zauna tukuna in kawo miki ruwa, wannan magana ba ta tsaye ba ce.

Ga abin da ya faru. Ranar 3 ga Oktoba 2025 aka sanar cewa Sarah Mullally, wadda a lokacin take Bishop ɗin Landan tun 2018, ita ce za ta zama Akbishop na Kantabari, wato babbar limamiyar Cocin Ingila. Ita ce ta 106 a kujerar, kuma mace ta farko. Abin da ya fara jan hankalina ma, 'yar aikinmu ce. Jinya ta yi kafin ta shiga limanci, har ta riƙe muƙamin babbar jami'ar jinya ta Ingila. Amma na gyara wa Hajiya abu ɗaya: mu Anglikan ba mu da Paparoma. Akbishop na Kantabari ba ya naɗa mana bishop a Kaduna ko Zariya, ba ya sauke kowa. Kamar babban wa yake a zuri'a, wanda ake ba shi tabarmar gaba idan an taru, shi ke kiran taron Lambeth, wato babban taron bishop-bishop na Anglikan na duniya. Cocin Najeriya ta tsaya da ƙafarta tun 1979, kuma tun 2005, zamanin da Baba Akinola yake shugabanta, ta cire sunan Kantabari daga tsarin mulkinta.

Kwana goma sha uku bayan sanarwar, ranar 16 ga Oktoba, sai ƙungiyar GAFCON, wato haɗakar Anglikan masu riƙe tsohuwar koyarwa, ta fitar da takarda ta hannun shugabanta, Akbishop Laurent Mbanda na Ruwanda. Suka ce daga yanzu ba za su amsa kiran Kantabari zuwa taro ba, ba za su ƙara zuba kuɗi a majalisar tuntuɓar juna ta Anglikan ba, kuma kada wani ya ce sun fita daga gidan, su ne gidan. Sun sa taron bishop-bishop a Abuja a watan Maris 2026. Cocinmu ƙarƙashin Baba Henry Ndukuba, wanda ya daɗe yana bishop a Gombe kafin ya zama shugaba a 2020, tana sahun gaba a wannan tafiya.

Wutar dai ta jima tana ci a ƙarƙashin toka. A Lambeth na 1998 bishop-bishop suka tsayar cewa aure na namiji da mace ne. A 2003 cocin Amurka ta naɗa Gene Robinson bishop alhali yana zaune da namiji ɗan'uwansa. A 2008 namu suka ƙi zuwa Lambeth, suka taru a Urushalima, nan aka haifi GAFCON. A Fabrairun 2023 majalisar Cocin Ingila ta amince da addu'o'in sa albarka ga ma'aurata jinsi ɗaya, kuma Mullally ce ta jagoranci kwamitin bishop-bishop da ya kai maganar gaban majalisa. Bayan wata biyu aka taru a Kigali aka ce an daina ganin Kantabari a matsayin jagora.

Hajiya ta ce to ke fa? Zan gaya muku yadda na gaya mata. Kasancewarta mace bai hana ni barci ba. Na girma ina ganin wa ke share coci, wa ke tara baiko, wa ke zuwa gaisuwar mutuwa da duba marasa lafiya. A cire Zumuntar Mata na wata uku a ga abin da zai rage. Na san Cocin Najeriya ba ta naɗa mata limamai, ban kuwa fito yaƙi da wannan ba, amma ko cikin GAFCON ɗin bakin bai zo ɗaya ba. Yuganda da Ruwanda suna da limamai mata, Kenya ma har bishop mata ta naɗa a 2021. Maganar aure kuwa, ina nan inda Littafi ya tsaya, inda cocinmu ta tsaya. Kuma wanda ke zaune a Landan ba zai gane nauyinta a wuyan irinmu ba. A ƙasar nan masu bi ba mu kai cikin cokali ba. Idan majalisa ta ɗaga hannu a Ingila, ni ce zan amsa tambaya a bakin famfo.

Kada ku ce duk Afirka ta bi hanya ɗaya. Akbishop Thabo Makgoba na Afirka ta Kudu ya yi maraba da naɗin. Baba Josiah Idowu-Fearon, tsohon Bishop na Kaduna, wanda ya yi karatun Musulunci sosai, shi ya riƙe babban sakataren haɗin kan Anglikan na duniya daga 2015 zuwa 2022, yana ta ƙoƙarin kada tabarmar ta yage. Namu ne shi ma.

Yanzu bari in zo inda zuciyata take, don wannan ban gaya wa Hajiya ba, kunya ta hana ni.

A duk rukunin WhatsApp na 'yan gida da nake ciki, an yi ta tura hoton matar nan ana tsaki. Ban ga mutum ɗaya da ya tambayi me ya sa kujerar ta zama babu kowa tun farko ba. Justin Welby, Akbishop ɗin da ya gabace ta, bai kai ƙarshen wa'adinsa ba, murabus ya yi ranar 12 ga Nuwamba 2024, kwanaki kaɗan bayan fitar rahoton Keith Makin a kan wani mutum, John Smyth. Smyth ɗin nan babban lauya ne, kuma ba daga ɓangaren masu sassauci ya fito ba. Ɗan ɓangarenmu ne, masu riƙe Littafi, masu wa'azin tuba da sabuwar haihuwa. Jigo ne a sansanonin hutu na Iwerne, inda ake ɗebo samari daga manyan makarantun Ingila a koya musu bishara don su zama shugabannin gobe. Sai ya riƙa jan yaran nan zuwa wani ɗan ɗaki a bayan gidansa a Winchester, ya tuɓe su, ya yi ta zabga musu sanda har jini ya zuba, yana karanta musu ayoyin horon Ubangiji, wai yana cire musu zunubi.

Abin da ya fi dukan ciwo shi ne manya sun sani. Tun 1982 wani limami ya rubuta rahoto, aka zagaya da shi tsakanin 'yan tsirarun shugabanni, aka ninke aka ajiye don kada sunan aikin Ubangiji ya ɓaci. Ba wanda ya je wurin 'yan sanda. A 1984 mutumin ya tattara ya koma Zimbabuwe, wasu a Ingila suna aika masa kuɗin hidima, ya buɗe sabbin sansanoni, ya ci gaba da 'ya'yan Afirka. A 1992 aka tsinci gawar yaro ɗan shekara 16 a tafkin wanka na sansaninsa. An kai Smyth kotu, shari'ar ta watse. Ya wuce Afirka ta Kudu, ya mutu a 2018, shekara ɗaya bayan tashar Channel 4 ta tona asirin, ba a taɓa hukunta shi ba. Rahoton Makin ya ce waɗanda ya cutar sun haura 100, kuma mafi yawansu a nahiyarmu suke. Welby ya samu labari a 2013, aka ce bai bi maganar yadda ya kamata ba, abin da ya ci kujerarsa ke nan.

Ni mai wanke ciwo ce, na san yadda bayan yaro yake idan sanda ta fasa fata. Farkon fara aikina a gida Najeriya, ba zan faɗi gari ba, an kawo mini yaro bai wuce shekara goma sha biyu ba, daga wata makarantar kwana ta masu bi. Rigar ta manne da baya, sai da na jiƙa ta da ruwan gishiri kafin ta fita. Ina cikin sa bandeji wani dattijon coci ya shigo, ya kira ni gefe, ya ce, "'Yata, malamin nan bawan Allah ne, hannu ne ya wuce. Kin san inda muke zaune. Idan maganar nan ta fita, waɗanda ba sa son mu za su samu abin faɗa. A rufa asiri." Uban yaron yana tsaye, kansa a ƙasa. Na ɗauki biro na rubuta a littafi cewa yaro ya faɗo daga bisa. Da hannuna na rubuta. Ina da shekara ashirin da uku, ina tsoron furfura, kuma a lokacin har ji na yi kamar na kare coci.

Da na karanta labarin 1982 ɗin nan, muryar dattijon na ji da Turanci. Hujjar iri ɗaya ce sak. Mu da muke 'yan kaɗan a cikin jama'a ma ta fi kama mu, domin tsoron bakin waje gaskiya ne, ba ƙirƙira ba. A 2015 an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, a garin nan ma an ƙona ɗaya a 2019. Mutumin da ya ga haka, idan aka ce masa yi shiru kada a ji, da wuya ya musa. Bulala kuwa kowa ya san ba ta da addini a ƙasar Hausa, tana makarantar boko, tana ta allo, tana ta mishan, duk da sunan tarbiyya.

Shi ya sa da za a ba ni minti biyar a taron Abuja, durƙusawa zan yi in ce: Baba, mun ji, mun rabu da Kantabari a kan koyarwa, ina bayanku. To uwar da ɗanta ya dawo da baya a fashe, ko 'yarta ta dawo ba ta iya magana, kuma wanda ake zargi shi ne rabaran, ƙofar wa za ta buga? Idan ta je wurin acidikin, wato babban limamin yanki, abokin karatunsa ne. Idan ta je wurin bishop, shi ya ɗora masa hannu. Turawan da muke ce wa sun bar hanya, ko ba komai sun sa an bincika, an buga rahoton kowa ya karanta, babbansu ya sauka. A wurinmu na fi jin an yi wa mutum canjin wurin aiki, a tura shi wani ƙauye inda ba a san shi ba. Zimbabuwe ke nan ƙarama.

Akwai sauran abubuwa da zan so a taɓa, ba zan daɗe a kansu ba. Katikis, wato malaman coci na ƙauye, da ke yin watanni ba albashi, sai ɗan kwanon masara daga masu bi. Ikilisiyoyin da 'yan bindiga suka watsa a yankin Birnin Gwari da Giwa, inda Musulmi da Kirista suke gudu a mota ɗaya. Matasa da ke sulalewa zuwa cocin kiɗa da annabci saboda sun ce littafin addu'armu ya yi musu sanyi. Da sujadar Hausa da ake turawa can gefe a manyan birane kamar ta 'yan aiki, alhali a Wusasa da Hausa aka fara. Likita Miller, Baturen mishan, ya iso ƙasar Hausa a 1900 tare da Bishop Tugwell, Sarkin Kano Alu ya sallame su, ya zauna birnin Zariya, daga baya aka koma Wusasa wajen 1929 aka gina cocin Bartalamawus da ƙasa, ginin Hausa, yana nan har yau. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, Miller na cikin manyan waɗanda suka yi aikinsa.

Cocin da nake zuwa a nan ba ta Anglikan ba ce, ta su maigida ce, daga aikin ƙungiyar mishan ta SIM ta samo asali, irin waɗanda suka kafa asibitin Danja da na Galmi. Ba bishop, ba doguwar hula, ba durƙuso a gaban bagadi. Shekarar farko na yi ta kewar addu'ar furta zunubi da muke yi baki ɗaya, har nakan karanta ta a zuci kafin a fara waƙa. Na gwada yi wa surukata bayanin rikicin Kantabari, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ɗiyata, shi Kantabarin nan, garin yana da nisa da Kano?"

Hajiya kuwa da na gama mata nawa bayanin, ta yi shiru, ta ce, "To Allah shi daidaita ku. Mu ma namu malaman ba su gama nasu ba." Sai ta miƙo hannu ta ce tunda ta zo in auna mata jini, kanta na sarawa tun jiya. Ya hau kuwa sosai, ta daina shan magani sati biyu wai ta ji sauƙi. Na yi mata faɗa, gobe da safe ni zan raka ta farmasi.

Af, kuran, wato wutar lantarki, ya tafi, kun ji injin ya yi tsit. Cajin wayar ma saura kaɗan. Ran Lahadi godiyar kaka muke yi, maigida ya riga ya ware dami biyu na gero da tiya biyar ta wake, idan fasto ya yarda zan ɗauko muku yadda mata ke shiga da su a ka. Masu tambayar kuɗin mota daga Katsina ta Jibiya zuwa Ɗan Isa, ku bari in tambayi direba tukuna, ya canza tun zuwana na ƙarshe. Sai an jima.