Sharhi: Ta ce masa "sannu da zuwa Alhaji"

Jama'ar Aboabo, Asawase, Sawaba, Alabar a nan Kumasi da duk inda muryar nan ta kai, assalamu alaikum.

Kwanakin baya an yi wani ɗaurin aure a danginmu nan cikin zango. Uban amarya ya sauka daga Turai saura sati ɗaya biki, mutumin da ya bi ta Agadas ya shiga Libiya tun yarinyar ba a yaye ta ba, shekara wajen ashirin sai dai a ji labarinsa a bakin 'yan dawowa. Ya sha shadda, turare na tashi, shi ne waliyyi, shi ya karɓi sadaki. Da aka shigar da shi cikin gida amarya ta durƙusa ta ce "sannu da zuwa Alhaji". Alhaji fa, ba Baba ba. Ba wanda ya tanka, amma duk matan da ke tsakar gidan nan sun ji.

In ana maganar yaran da suka tashi ba uba, hankalinmu kan maza yake tafiya, yaro ya bar makaranta, ya koma zaman ataya, wato majalisar shan shayi, ya fara shan tramol. Ita mace sai a ce ai tana gaban uwarta, shikenan. Toh amma a wajen uba yarinya take fara gane ko namiji in ya ce "ina zuwa" yana dawowa. Wadda aka ce mata Baba zai zo da sallah, ta yi kitso ta sa lalle ta zauna bakin ƙofa har aka kira magariba, shekara ta zagayo aka sake, kuna tsammanin ranar da aka kai ta ɗakin miji a ƙofa za ta ajiye wannan? Da shi take shiga. Miji ya makara a kasuwar Kejetia don cunkoson motoci, kafin ya iso ta kira shi sau goma, ya shigo ta hau shi da faɗa, shi yana ganin kishi ne ko rashin tarbiyya, alhali wallahi tsoro ne, wanda ya girme auren nasu. Wata kuma ba ta kira ko sau ɗaya, tana da sana'arta da adashinta a ɓoye, ba ta yarda ta jingina da kowa ba. Wata duk dattijon da ya yi mata magana mai taushi sai ta bi.

A 2003 wasu masu bincike ƙarƙashin Bruce Ellis sun fitar da sakamakon bin rayuwar 'yan mata a Amurka da Niyu Zilan tun suna ƙanana, suka ga waɗanda uba ya bar gida da wuri sun fi faɗawa cikin ɗaukar ciki da ƙuruciya, ko da an cire lissafin talauci. Can ne dai, mu nan muna da gidan yawa, akwai kaka, akwai kawu, maƙwabtanmu Asante ma kawu a wajensu babban ginshiƙi ne. Kuma na san mata da yawa da suka tashi ba uba suna zaune lafiya lau, kar wani ya ɗauki maganata ya je yana yi wa marainiya gori.

Wanda ya fi damuna ma shi ne uban da yake gida amma ba ya nan. Ya ajiye kuɗin cefane, ya fita, ya dawo ya zauna kan benci da abokai har dare, bai san ajin da 'yarsa take ba, in ta ji takunsa sai ta shige ɗaki. Mu ce kunya ce, musamman 'yar fari da ko sunanta ba a faɗa. Alhali Nana A'isha ta ruwaito cewa in Nana Faɗima ta shigo, Manzon Allah (SAW) miƙewa yake ya tarbe ta, ya sumbace ta, ya zaunar da ita a mazauninsa. Malamanmu na karanta mana wannan a maulidi, mu yi salati, mu koma gida yarinya ta kawo ruwa ko fuskarta ba mu kalla ba.

Batun ci da sutura kuwa aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora wa uba, dokar yara ta Ghana ta 1998, Act 560, ita ma ta ɗora wa iyaye, uwa na iya kai ƙara ofishin jin daɗin jama'a ko DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida, ko kotun iyali. Ku je, ba abin kunya ba ne. Sai dai momo, kuɗin da ake turowa ta waya wata-wata, ba ya amsa tambayar da ke cin yarinya, wato me na yi masa.

Kuma dan Allah mu rage "yi haƙuri, ubanki ne" tun ba ta gama magana ba. A bari ta faɗa tukuna. Ta faɗa wa mijinta abin da ke sa ta kiran nan, ta samu malama ko 'yar uwa mai riƙon sirri, in abin ya kai ga rashin barci da kuka ba dalili akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Komfo Anokye, Gee ɗin nan namu, zuwa can ba hauka ba ne. Yafiya in ta zo daga baya ta zo da kanta, ba a ɗaure mutum a kanta. Iyaye mata ku ma a daina "halinki sak na ubanki" in rai ya ɓaci.

Amaryar nan da na fara da ita ta haihu, namiji. Ranar suna an yi ta zuba ido a ji ko sunan Alhaji za a sa, ya ma turo kuɗin rago daga can. Ta roƙi mijin aka sa sunan kawunta, mai ɗinki a Alabar, wanda ya riƙa kai ta makaranta a bayan keke.