Tukunyar Tsakar Dare da Tsoron a Juya Maka Baya

Ƙarfe ɗaya na dare, gida tsit. Wata mata ta lallaɓa kicin, ta buɗe tukunya, tana ci a tsaye, hannu baka hannu ƙwarya. Ba yunwa take ji ba. Ciki ya cika har yana ciwo, hannun bai tsaya ba. Tana gamawa kunya ta lulluɓe ta, ta wanke kwanon kafin asuba don kada a gani.

Mutane za su ce haɗama. Likitoci kuwa ciwo suka ɗauke shi. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ba shi gurbinsa a littafinta na DSM-5, wanda ke jera cututtukan ƙwaƙwalwa: ci mai yawa da mutum ya kasa tsayarwa, aƙalla sau ɗaya a mako, har tsawon wata 3, ba tare da ya tilasta wa kansa amai daga baya ba.

Likitan Ingila John Bowlby ya nuna cewa yadda aka riƙe yaro yana bin sa har girma. Wanda ya tashi bai da tabbacin za a zo idan ya yi kuka, yakan girma da fargabar a gudu a bar shi. An karanta saƙonsa ba a amsa ba, sai gabansa ya faɗi. Da dare kuma, tukunya ba ta taɓa cewa "ba ni da lokaci".

A Ottawa ta ƙasar Kanada, masanin halayyar ɗan Adam Giorgio Tasca da abokan aikinsa sun gwada jinya iri biyu ta zaman rukuni a kan masu wannan ciwon cin abinci, zama 16 kowanne, suka wallafa sakamakon a 2006. Ɗaya tana gyara tunani da tsarin cin abinci. Ɗayar tana duba yadda mutum ke hulɗa da mutane, har da waɗanda ke zaune kusa da shi a ɗakin. Masu yawan fargabar nan sun fi samun sauƙi a ta biyun, masu ƙarancinta kuma a ta farkon.

Abin da ya fi taɓa ni ke nan. A irin wannan zaman, wata ta yi magana, ba wanda ya tanka, ta sunkuyar da kai. Mai jagorantar zaman ya ce, "Me kika ji yanzu?" Ta ce, "Na ɗauka kun gaji da ni." Sai ta kusa da ita ta matso da kujera, ta ce, "Shiru na yi saboda labarina kike faɗa."