Injiniya, kafin ka sa hannu a ofa leta tsaya tukuna

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Bidiyon yau naka ne kai da ka gama injiniyarin a Wudil ko BUK ko poli ta Kazaure, ka yi bautar ƙasa ka dawo ƙauye kana taya Baba noman rani, kwatsam sai ga waya wai ka zo ka karɓi takardar ɗaukar aiki.

Wani abu yana ba ni mamaki da mu wallahi. Mutum zai je kasuwar Wudil ran Juma'a ya yi awa biyu a kan bijimi ɗaya, a taya ya ce albarka, a ƙara ya ce albarka, ya ja igiya kamar zai tafi har sai dillali ya riƙo masa riga, amma shi ɗin dai in kamfani ya miƙo masa takarda sai kunya ta rufe shi, ko shafin farko bai gama karantawa ba ya ce na gode Allah ya saka da alheri. Haba malam. Ko gyaɗa ka saya a bakin tasha ai kana cewa a yi maka gyara.

Bari in ba ku labarin ƙanina, da izininsa. Wani kamfanin gina hanya ya ɗauke shi injiniyan sayit, wato filin da ake aikin, a gida murna har Inna ta yi sadakar waina. Ran da ya je sa hannu ya tambayi manajan zancen masauki da mota, mutumin ya dafa kafaɗarsa ya ce wannan duk ba matsala ba ce, kai dai ka fara. Aka tura shi can gaba da Gumel. Wata biyu aka canza manajan, sabon da ya zo ya buɗe fayil ya ce ina aka rubuta? Babu. Yaron nan shi ya kama ɗaki da kuɗinsa, kullum ɗan acaɓa zuwa sayit da dawowa, ga mai ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, ƙarshen wata in ya zo gida sai ka ga yana lissafi a bayan ambulan yana tsaki.

To ga abin da yawancinmu ba mu sani ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya da ake ta ambato, wadda ta ce a ba ma'aikaci hutun aƙalla kwana 6 bayan ya yi wata 12, da ta zo fassara waye ma'aikaci sai ta cire masu aikin ƙwarewa da na fasaha da na gudanarwa. Kaga kenan kai injiniya kusan komai naka yana rataye ne a kan takardar da ka sa wa hannu. In rigima ta kai kotun ma'aikata ta ƙasa, takardar nan za a fara buɗewa, dafa kafaɗa ba ya shiga fayil.

Akwai dai abubuwan da ba alfarma ba ne, doka ce, kar wani ya lissafa maka su kamar kyauta ya yi maka. Fansho na farko. Dokar 2014 ta ce kamfani ya zuba aƙalla kashi 10, kai a cire maka kashi 8, kuma ana lissafin ne aƙalla a kan besik, wato ainihin albashi, da kuɗin gida da na sufuri. A nan wayon yake, ku lura da kyau. Misali an ce maka dubu 400 a wata. In ukun nan sun tashi dubu 200 sauran duk an kira su alawus kala-kala, kamfani dubu 20 zai zuba maka. In kuwa dubu 300 suka tashi, dubu 30 ne. Bambancin dubu 10 kenan a wata, dubu 120 a shekara, alhali a baki albashin ɗaya ne. Shi ya sa za ka ce a warware maka shi dalla-dalla, kuma a faɗa maka nawa ne zai faɗo akawun bayan an cire haraji da fansho. Wannan dokar dai ta ce a yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, sannan akwai dokar diyya ta 2010 da kamfani ke biyan kashi 1 na jimillar albashin ma'aikatansa ga NSITF, wato asusun gwamnati na inshorar ma'aikata, saboda haɗari a bakin aiki. Mutumin da zai wuni ƙarƙashin kiren ko kusa da taransifoma, Allah ya tsare, amma ya kamata ya san ko an yi masa.

Sai inshorar asibiti. Kar ka tsaya a kan eh muna da ita. Wane asibiti ne a jerin? Don in duk suna cikin birnin Kano kai kuma kana Auyo wajen aikin noman rani na kwarin Haɗeja, katin nan ado ne kawai a walat. Kuma yawanci tsarin mace ɗaya ne da yara huɗu, mai niyyar ƙari ya ji da kyau, su Inna da Baba ma ba sa ciki sai an yi magana daban.

Wanda ni na fi ba muhimmanci kuwa, kuma matasa ba sa ko tada shi, shi ne rajistar COREN, hukumar da ke ba injiniyoyi lasisi, da ta NSE, ƙungiyar injiniyoyi ta Najeriya. Tambayi ko kamfani zai biya kuɗin rajista da sabunta lasisi duk shekara, kuma akwai injiniya mai rajista da za ka yi aiki ƙarƙashinsa wanda zai sa maka hannu a rahoton ƙwarewa? Wallahi gara albashi ya ɗan yi ƙasa ka samu wannan, da ka shekara biyar kana gadin masu kwaɓa siminti ba wanda zai shaide ka. In sun ce za su tura ka kwas, duba ko akwai sharaɗin sai ka yi musu shekara kaza ko ka biya, shi ma ana rage shi.

Sauran kuwa, masauki, motar sayit ko kuɗin mai, alawus na kwana a waje, obataim, kati da data, sati nawa a daji kafin a bar ka ka leƙo gida, hutun Sallah, watannin gwaji da notis ɗin barin aiki, duk a shafi suke zama.

Yadda za ka faɗa kuma ba sai da tada jijiyar wuya ba. Ranka ya daɗe na gode, aikin nan ina son sa, a ba ni kwana biyu in karanta in yi shawara da magabata. Ka dawo da abu biyu ko uku kacal, kar ka zo da ashirin. In sun ce albashi mataki ne ba ya taɓuwa, yawanci gaskiya suka faɗa, sai ka ce to masaukin da Oga ya ambata a taimaka a sa shi a rubuce. Kuma dan Allah kar ka ƙirƙiro wai wani kamfani yana nemanka in babu, injiniyoyin yankin nan duk sun san juna.

Ƙanin nawa da ya samu aiki na biyu a wani kamfanin casar shinkafa, sisi ba su ƙara masa a albashi ba, amma sun sa ɗaki a kwatas da kuɗin COREN a shafi na biyu, ya ɗauki hoton shafin ya turo min tun kafin ya fito daga ofishin.