Amsoshin Tambayoyinku: In Riƙe Marsandin Baba Ko In Yi Musaya?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙu uku muka ware a wannan mako, kuma duk a kan tsofaffin motoci suke, irin masu ƙofa biyu ɗin nan da aka ƙera don gudu da jin daɗin tuƙi, waɗanda tsufa ya ƙara musu daraja. Ta farko ce za ta fi cin lokacinmu, domin akwai magana a cikinta.

Ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Kaduna, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da ya ce: "Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar Marsandi 380SL ƙirar 1982, mai buɗaɗɗen sama, wadda ya shigo da ita daga Amurka tun muna yara. Tana tashi, tana tafiya, sai dai tana shan mai, kuma in ta daɗe a ajiye sai an sha fama kafin ta kama. Wani dillali ya ce zai karɓe ta ya ba ni SL500 ƙirar 2003, ni kuma in yi cikon kuɗi. Ya ce in rabu da wahala. Shin in riƙe ta Baba ne, ko in yi musayar?"

To Malam, da farko Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Kafin mu buɗe bonet, akwai abin da ba ka faɗa mana ba. Ka ce "mahaifinmu", ke nan ba kai kaɗai ba ne. An raba gado kuwa? Motar ta faɗo cikin rabonka ne, ko dai makullin kawai ke hannunka? In ba a raba ba, kowane magaji yana da haƙƙi a cikinta, har da ƙannenka mata da matan Baba. Sai an yi mata ƙima ta gaskiya, kowa ya sani ya kuma yarda, sannan a yi zancen sayarwa ko musaya. Kuma don Allah kada mai son saye ya zama shi ne mai yin ƙimar.

Yanzu ga motar. Wannan samfurin SL, kamfanin Mercedes-Benz ya fara ƙera shi a 1971, bai daina ba sai 1989. Shekara 18 ke nan, an yi fiye da guda 237,000, kuma mafi yawansu Amurka aka kai. Taka tana cikinsu, shi ya sa za ka ga tana da dogayen bamba gaba da baya da fitilu huɗu masu zagaye, saɓanin ta Turai. Injinta mai silinda takwas ne, lita 3.8, amma dokokin hayaƙi na Amurka sun shaƙe shi, ƙarfin doki 155 kawai yake bayarwa. SL500 da ake yi maka tayi tana da wajen 300. In gudu ne kaɗai abin dubawa, ai babu gardama.

Sai dai ni ban yarda da kalmar dillalin nan ta "rabuwa da wahala" ba, kuma zan faɗi dalili. Motar 2003 ba sabuwa ba ce, ta haura shekara 20. Abin da ya sa ta burge duniya lokacin da samfurin ya fito a 2001 shi ne yake cinye aljihun masu ita yau. Rufin samanta na ƙarfe ne, yana naɗe kansa ya shige but cikin daƙiƙa 16, kuma famfo da silindoji masu aiki da mai ne ke yin aikin. In robobinsu suka tsufa, sai yoyo. Ƙafafunta ba irin shokazoba da muka saba ba ne, wani tsari ne da ake kira ABC, mai tafiya da matsin mai mai ƙarfin gaske da kwamfuta. Ranar da famfonsa ko tiyo ɗaya ya fashe, za ka fito da safe ka tarar motar ta durƙusa ta gefe guda. Birkinta ma na lantarki ne, SBC, wanda a 2004 da 2005 sai da kamfanin ya kira motoci masu ɗimbin yawa domin a duba shi. Batir biyu gare ta. Duk waɗannan ba sa gyaruwa da sifana da kunnen bakanike, sai da na'urar bincike ta kamfanin da wanda ya iya karanta ta. Ka tambayi kanka, mutum nawa ka sani a Kaduna da za ka miƙa wa wannan aikin ka koma gida ka yi barci? Shan mai kuwa, ita ma silinda takwas ce, lita 5. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, babu wadda za ta tausaya maka a cikin biyun.

Ta Baba fa? Ita ma tana da cututtukanta, amma sanannu ne, kuma ana ganinsu da ido.

Na farko shi ne sarkar cikin inji, wadda ke daidaita motsin bawul da fistin. Motocin 380SL da aka kai Amurka daga 1981 zuwa 1983 da sarka mai layi ɗaya suka zo, kuma ta yi ƙaurin suna wajen saki. Daga 1984 aka koma mai layi biyu. Taka ta 1982 ce, don haka ka sa a buɗe murfin saman inji a duba ko an taɓa sauya ta, domin da yawa an yi musu tun can. Ko da an sauya, akwai wasu 'yan robobi da sarkar ke bi ta kansu. Sababbinsu farare ne, in suka tsufa sai su koma ruwan ƙasa kamar shayin da ya ji ganye, su bushe, su karye. Guntu ɗaya in ya faɗa tsakanin sarka da haƙori, sarkar ta tsallake, fistin ya daki bawul, inji ya tashi aiki. In kana jin ƙarar kacau-kacau na 'yan daƙiƙu lokacin da ka tayar da ita da sanyin safiya, kada ka ƙara murza makulli sai an duba. Kuɗin robobin bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da kuɗin sake inji.

Wahalar tashi da ka ambata, mafi yawa daga hanyar mai take. Motar ba ta da kafireto, tana amfani da tsarin kamfanin Bosch mai suna K-Jetronic, wanda ke raba mai zuwa nozul takwas ta wasu ƙofofi sirara ƙwarai. Ba ya son datti, ba ya son ruwa a cikin mai, kuma abin da ya fi tsana shi ne zama. Man da ya yi wata shida a tanki yana yin danƙo ya toshe shi. A wanke tanki, a sauya matatar mai, a gwada matsin famfo da ma'auni. Ina roƙonka kada ka bari wani ya kama kunce marabar man nan yana juya sukurori da ka. Sannan ka riƙa fita da ita ko sau ɗaya a mako, ta yi zafi sosai, ko da daga gida zuwa hanyar Zariya ne ka juyo.

Amma abin da zai yanke hukunci shi ne tsatsa. Inji ana gyara shi, bodin da ya ruɓe daga ciki kuwa sai mai dogon numfashi. Wannan samfurin yana da wani wuri a gindin gilashin gaba, ƙarƙashin murfin fankar da ke hura iska cikin mota. Ruwan sama yana bi ta nan ya fita ta wasu 'yan hanyoyi. In ganye da ƙura suka toshe su, sai ruwan ya kwanta, ya ci bangon da ya raba inji da mazaunin direba. Na taɓa tsayawa a wani gareji ana duba irinta, ja, fentinta yana ɗaukar ido, kujerunta kamar ba a taɓa zama a kai ba. Bakaniken ya ɗaga kafet ɗin gefen direba, sai warin danshi ya buso. Ya kunce murfin fankar, ya ɗora bakin sukundireba a kan ƙarfen, bai ma danna da ƙarfi ba ya shige kamar cikin biskit. Mai motar ya daɗe bai ce uffan ba. Gyaran wurin nan sai an fitar da dashbod gaba ɗaya. Busasshiyar iskar Arewa tana taimakonmu, motar da ta zauna a Kaduna ba kamar wadda ta zauna a Legas ba ce, amma taka ta fara rayuwa ne a Amurka, inda a jihohi da yawa ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Ka duba nan, ka duba ƙarƙashin ƙofofi da ƙasan but.

In ƙarfen nan lafiya lau yake, shawarata ka riƙe motarka. Ka lura, dillali ba ya bin abin da ba shi da kasuwa. Masu neman irin taka suna nan a Turai da Amurka, kuma sun fi daraja wadda ba a taɓa ba. Saboda haka ka adana rufin ƙarfen da ake ɗorawa a cire, wanda sai mutum biyu ke ɗaga shi, ka adana takardun kwastan da duk wata rasit da Baba ya bari a cikin aljihun mota. Kuma duk wanda ya ce maka a cire injin a dasa na wata motar Japan don sauƙin mai, ka yi masa godiya ka wuce. Ranar da aka yi haka, rabin darajarta ya tafi. In kuma an duba an tarar tsatsa ta cinye ta, ko magada suna bukatar kuɗinsu, to ka sayar a fili, ka faɗi aibinta, a raba kuɗin. Ko a nan ɗin ma ban ga dalilin ɗauko SL500 ba, sai in kana da wata motar ta zirga-zirga da kuma kuɗin da ka ware don ita kaɗai.

Wasiƙa ta biyu daga birnin Hambug na Jamus take, daga wani ɗan'uwanmu mutumin Kumasi. Ya ce yana da Porsche 911 SC ƙirar 1982, ya shekara 12 da ita, amma yanzu gwiwa ta fara ciwo, kulocinta da sitiyarinta sun yi masa nauyi. An yi masa tayin 911 ƙirar 2001 mai giya otomatik, kai da kai, babu ciko.

Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Kai kam uzurinka karɓaɓɓe ne. Motar da mai ita ke jin tsoron shiga saboda ciwo, zaman gareji za ta yi ta lalace. Amma kai da kai ɗin nan ne ban gamsu da shi ba. Taka tana cikin masu injin da iska ke sanyayawa, babu lagireto, kuma Porsche ta rufe wannan babi a 1998. Wadda ake ba ka, samfurin 996, ita ce 911 ta farko mai sanyaya inji da ruwa, an yi ta da yawa, kuma a kasuwa lafiyayyar SC ta fi ta tsada. Kai ya kamata a yi wa ciko. Ga kuma lambar H da Jamus ke bai wa motar da ta cika shekara 30 tana cikin kamanninta na asali: harajinta na shekara Yuro 191.73 ne, kuma tana shiga unguwannin da aka hana motoci masu hayaƙi. Ta 2001 ba za ta samu wannan lambar ba sai 2031. Ka sayar da taka daban, ka sayi waccan daban. Kafin ka biya, ka nemi shaidar ko an sauya wani boris da ke cikin injinta wanda ake kira IMS, domin shi ne sanannen rauninta, kuma in ya watse yakan tafi da inji duka.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wata baiwar Allah a Maraɗi. Ta ce maigidanta yana da Fijo 504 mai ƙofa biyu da ya saya a hannun wani Bafaranshe, 'ya'yansu suna matsa masa ya sayar ya sayi ta zamani. Tana tambaya, wai ba irin 504 ɗin tasha ba ce?

Hajiya, ba ita ba ce. Wadda muka sani, mai ƙofa huɗu, ita ce aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga shekarun 1970. Mai ƙofa biyu kuwa kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta, ta fito a 1969, aka daina ta a 1983, kuma kaɗan aka yi. Mai silinda shida daga cikinsu ce Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar Safari ta Kenya da ita a 1978. In ta maigida mai silinda huɗu ce, ya yi sa'a, domin yawancin kayan injinta da na ƙafa suna kama da na 504 da bakanikenmu suka sani kamar yunwar cikinsu. Abin da ba zai samu a kasuwar Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano ba shi ne fitilu, gilasai da ƙofofi, don jikinta daban yake. Ki ce masa ya samar mata inuwa, ya daina ba yara aronta zuwa biki. In dole sai an sayi ta zamani, a saya, amma wannan a bar ta a gida.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da aiko da wasiƙu, kuma mai tambaya kan mota ya riƙa haɗawa da shekarar ƙira da ƙasar da ta fito.